Sambo da Gwangwanin Ƙarshe

Sambo mutumin Rigachikun ne, ɗan gidan noma, amma tun yana ƙarami aka gane fartanya ba ta karɓe shi ba. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Da ya fara tasawa sai ya bi motar hatsi ya shigo Kaduna, ya sauka wurin kawunsa mai gyaran keke a Rafin Guza. A nan ya koyi faci da ɗaurin kaca, a nan kuma ya harhaɗa kekensa na kansa daga tarkacen da masu kekuna suka bari. Keken ba shi da kyan gani, amma idan Sambo ya hau ya duƙa, masu babur ma sai sun yi da gaske.

Gudun nan ne ya sama masa aiki a Silimar Zumunci ta wajen Kawo. A wancan zamani kwafi ɗaya na fim ake kawowa gari, silima biyu su raba. Fim ɗin yakan zo a naɗe cikin gwangwanaye masu faɗin tire. Silimar cikin gari ita ke fara haskawa, Zumunci ta biyo baya da 'yar tazara. Da zarar an gama gwangwani a can sai a miƙa wa Sambo, ya ɗaure a bayan keke da roba, ya yanko hanya, ya damƙa wa Istifanus mai inji kafin wanda ke juyawa ya ƙare, sannan ya koma ɗauko na gaba. In mai keke ya makara, allo ya yi fari, 'yan kallo su fara fito da dukan benci. Duk zaman Sambo a aikin nan allo bai taɓa yin fari ta dalilinsa ba. Da aikin ya auri Husaina, 'yar maƙwabcin kawunsa, suka haifi Kulu.

A shekarar 1981 aka kawo wani fim ɗin Indiya da sunansa ya gagari bakin kowa, sai 'yan kallo suka raɗa masa Mai Kwale-kwale. Labarin wani talaka ne mai fito da mutane a kogi, da matarsa, da 'ya'yansu, a wani ɗan gida na bakin ruwa. Komai nasu da waƙa suke yi, girki da waƙa, faɗa da waƙa, sulhu da waƙa. Akwai wadda uwar take yi in uban zai fita, wadda mutanen Kaduna suka ɗora mata kalmominsu: "Tuƙa a hankali, baba, ruwa ya kawo." Teloli suna yin ta a kan keken ɗinki, mata suna yin ta a bakin famfo. A kusa da ƙarshe ambaliya take tafiya da ƙaramin ɗansu, kuma sai a gwangwanin ƙarshe ake sanin ko an gan shi.

Ranar da aka fara haska shi a Zumunci washegarin ƙaramar salla ce, kallon bayan azahar, cikin damina. Sambo ya kawo gwangwanayen farko lafiya. Yana ɗaure na ƙarshe a ƙofar silimar cikin gari sai ga manajan Zumunci, Jibrin, a motarsa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

"Kai, kawo shi nan kada ruwa ya ɓata mini kaya," in ji Jibrin. "Sa a but. Ka biyo ni a hankali."

Sambo ya sa, ya rufe but ɗin da hannunsa. Ya biyo cikin ruwa, ya iso Kawo sharkaf, ya tarar babu mota, babu gwangwani, allo kuwa ya yi fari daidai inda ruwa ya tafi da yaron. Abin da ya faru shi ne, Jibrin ya ratse Unguwar Dosa gaida wata bazawara da yake nema, motar ta kafe a taɓo a ƙofar gidan, ya bar ta nan ya shigo tasi, ya manta abin da ke cikin but. Ya iso ya sami silima tana girgiza, ana karya benci, ana kiran manaja ya fito. Bai yi wata-wata ba, ya damƙi hannun Sambo ya ja shi har gaban allo.

"Jama'a, ga wanda ya ɓatar muku da ƙarshe! Ku tambaye shi!"

Ba wanda ya tambaye shi. Wanda ya fara isowa wani mahauci ne, Yakubu, da ƙafar benci a hannu. Sambo yakan ce bai san sauran ba, amma Yakubu ya gan shi ido da ido. Da 'yan sanda suka zo, ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Mai ɗori a Rigachikun ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙafar ta haɗe amma ta gajarce. Washegari aka haska ƙarshen fim ɗin kyauta, kowa ya gani ba a sami yaron ba, aka yi kuka aka watse. Jibrin ya ɗauki wani mai keke. Istifanus, wanda ya ga lokacin da aka jawo motar aka buɗe but, ya je Rigachikun dubiya sau ɗaya, ya kasa haɗa ido da majinyacin, ya dawo ya ci gaba da aikinsa.

Ƙafa ba ita ce ta fi ci wa Sambo rai ba. Sunan da aka liƙa masa ne: Ina-Ƙarshe. Ya koma sayar da rake a bakin kasuwar Kawo, mai saye ya ce, "Ina-Ƙarshe, yanko mini na tsakiya." An daina ma jin zagi a cikinsa, ya zama suna kawai. Ranar da Kulu ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce da ita 'yar Ina-Ƙarshe, ranar Sambo bai ci tuwo ba. Bai ƙara taka silima ba, kuma ya hana a yi waƙar kwale-kwale a gidansa. Amma duk inda ya haɗu da Jibrin sai ya rusuna ya ce ranka ya daɗe, ya tambayi iyali. In ya sayi nama, wurin Yakubu yake saye. Mutane suka ce Sambo mai haƙuri ne. Husaina kaɗai ta san in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Da acaba ta shigo gari, Sambo ya sami babur ya shiga. Babur ba ruwansa da gajeriyar ƙafa. A shekarun nan kuma bidiyo ta shiga gidaje, silima ta fara mutuwa a tsaye. Zumunci ta koma haska fina-finan faɗa ga 'yan samari ƙalilan, rufinta yana yoyo.

Ana cikin azumin 1994 aka liƙa takarda a bangon Zumunci: Mai Kwale-kwale ya dawo, kashi na biyu, washegarin salla. Maganar ta cika Kawo da Rafin Guza da Unguwar Dosa. Dattawan da suka manta hanyar silima suka fara tambayar juna ko matar nan mai dogon gashi tana ciki. Jibrin, wanda yanzu ya yi furfura, ya sa ransa gaba ɗaya a kan wannan rana, don mai silimar ya ce in wannan bai cika ɗaki ba zai ba da hayar ginin. Kwafin kuwa ɗaya ne, kamar da, kuma masu keken da suka san aikin duk sun watse. Sai ga Jibrin a tashar 'yan acaba.

"Malam Sambo, aikinka na da ne ya taso. Yaran nan ba su san darajar gwangwani ba. Abin da ya wuce ai ya wuce, ko?"

"Haba, ranka ya daɗe," in ji Sambo. "Wa yake tuna wannan?"

Da ya gaya wa Husaina, ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Baban Kulu, wace ƙafar kake so a karya wannan karon? Ta dama ce ta rage."

"Aiki aka ba ni."

"Ni za ka gaya wa? Tun da ka shigo kake murmushi. Rabon da in ga haƙoranka tun sunan Kulu."

Sauran kwanakin azumin Sambo ya yi su yana tallar fim ɗin fiye da Jibrin. Duk tsohon ɗan kallon da ya ɗauka a babur sai ya ce masa kada a ba ka labari. Ya je har rumfar Yakubu.

"Sarkin fawa, ka ji fim ɗinka ya dawo?"

"Na ji, Ina-Ƙarshe! Wallahi ko an rufe kasuwa sai na je. A gaba zan zauna."

"A gaba ya dace da kai," in ji Sambo.

Ranar ta zo da zafin bazara. Zumunci ta cika har ana tsayuwa a bango. Maza da sababbin kaya, wasu da 'ya'yansu a gefe, iyalan ma'aikata daga Unguwar Dosa a kujerun sama da matansu, masu rake da lemo suna ratsawa. Sambo ya riƙa kawo gwangwani a kan kari, kuma duk zuwa yakan ɗan tsaya a bakin ƙofa ya saurara.

Da mai kwale-kwalen ya bayyana a allo, ɗaki ya ɗauki tafi, sai kuma dariya.

"Kai! Wannan tumbin fa? Kwangila ya samu?"

"Jirgin zai ɗauke shi kuwa?"

"Kai ma dubi naka, Alhaji!"

Aka yi ta jiran matar. Sai aka nuno hotonta a bango, an rataya masa furanni. Duk wanda ya girma a silima ya san ma'anar wannan. Ɗakin ya yi tsit, wani dattijo ya ce, "Allah sarki, ashe ta rasu," kamar maƙwabciyarsa. Wata mata a sama ta ce da ta sani da ba ta zo ba. 'Ya'yan sun girma sun watse birni, sun dawo da wandon bature suna son sayar da gidan bakin ruwa ga wani attajiri mai baƙin tabarau. Duk sanda mai tabarau ya fito sai a yi masa tsaki, wani ya jefi allo da ɓawon lemo. Sababbin waƙoƙin kiɗan disko ne, samari suna kaɗa kai, iyayensu suna cewa an ɓata abu. Amma da tsohon ya zauna shi kaɗai a jirgi ya fara waƙar matarsa a hankali, ba kiɗa, sai ɗakin duka ya karɓa: "Tuƙa a hankali, baba, ruwa ya kawo." Sambo ya hango Yakubu a bencin gaba, yana share ido da hularsa.

Sambo ya koma cikin gari. A can ya tsaya a bayan labule ya kalli gwangwanin ƙarshe tun daga farkonsa har aka kunna fitilu, bai bar komai ya wuce shi ba. Aka naɗe, aka miƙa masa. Ya ɗaure, ya taho ba gaggawa. Da ya iso Kawo bai shiga harabar silima ba. Ya tsaya a rumfar mai shayi da ke tsallaken titi, ya kwance gwangwanin ya ɗora a benci, ya zauna a kansa, ya ce a haɗa masa shayi mai kauri.

Bai kai rabin kofi ba ya ji fito. Daga fito sai dukan benci. Sautin bai canza ba ko kaɗan daga na wancan karon. Can sai ga Istifanus ya tsallako titi yana haki, ya tsufa, gumi ya jiƙa rigarsa.

"Sambo! Allo ya yi fari! An tsaya daidai inda tsohon zai sa hannu a takardar gida. Ina kayan?"

"Ga ni a kai, Baba Isti. Zauna a haɗa maka."

Istifanus ya dubi gwangwanin, ya dubi ƙafar da Sambo ya miƙe a gabansa.

"Me kake so in gaya wa manaja?"

"Ka ce ya je gaban allo, inda ya kai ni, ya gaya wa jama'a inda gwangwanin wancan karon ya kwana. Da bakinsa. Ka bar ƙofar gefe a buɗe don in ji. In ya aiko a ƙwace, kafin su tsallako na warware shi cikin kwatar nan."

"In ya yi ƙarya fa?"

"Kana nan ai. Kai ka ga an buɗe but."

Istifanus ya sunkuyar da kai, ya juya. Ba a jima ba Jibrin da kansa ya leƙo, babbar riga a kafaɗa, ya tsallako yana tuntuɓe.

"Malam Sambo, don girman Allah. Za su ƙona ginin nan. Faɗi abin da kake so."

"Na faɗa, ranka ya daɗe."

"Za su kashe ni!"

"Ni ba su kashe ni ba. Ƙafa ɗaya ce kawai."

Wani abu ya fashe a cikin silimar, aka yi ihu. Jibrin ya koma da gudu. Sambo ya shanye shayinsa, ya rungumi gwangwanin, ya ɗingisa zuwa ƙofar gefe ya tsaya a inuwa.

Jibrin yana gaban farin allo, hannuwa a sama. Da farko ya fara kewaye-kewaye, wai an sami 'yar matsala, sai Istifanus ya leƙo ta tagar ɗakin inji ya daka tsawa, "Manaja, faɗi ta but!" Daga nan maganar ta fito, guntu-guntu. Motar, da ruwan sama, da Unguwar Dosa, da taɓo. Ya ce Sambo bai ɓatar da komai ba. Wani ya ce, "Gidan wa ka je a Unguwar Dosa?" Ɗaki ya fashe da dariya. Sai ɓawon rake ya fara sauka, da ɓawon lemo, da takalmi ɗaya. Aka tuge masa hula. Amma ba wanda ya tashi da ƙafar benci. Mutanen sun tsufa, kuma 'ya'yansu na kallo.

Sambo ya ga wannan, bai ishe shi ba. Jibrin ya biya nasa, ko da yake da rangwame. Sauran fa, waɗanda yanzu suke dariya kamar ba da su aka yi ba?

Ya shigo. Ɗakin ya lafa, ba a jin komai sai takunsa, ɗaya mai nauyi ɗaya mara nauyi. Yakubu ya miƙe yana washe baki.

"Ashe zaluntarka aka yi, Ina-Ƙar… Malam Sambo! To ai shi ke nan, gaskiya ta fito. Miƙa a sa mana."

"Za a sa, Sarkin fawa. Zauna."

Sambo ya tsaya a gaban allo, gwangwani a ƙirji. A silima ana yafe wa mai taka ƙafa da mai hayaƙin taba, amma ba a yafe wa mai faɗin abin da zai faru. Ya sani sarai. Ya ɗaga murya yadda na sama ma za su ji.

"Shekara goma sha uku kuna tambayata ina ƙarshe. To ga shi. Mai baƙin tabarau shi ne yaron da ruwa ya tafi da shi. Zai cire tabarau ya yi waƙar uwarsa. Ba za a sayar da gida ba. Tsohon zai mutu a cikin jirgi, kansa a cinyar yaron. Shi ke nan. A sha kallo lafiya."

Wasu sun toshe kunne amma sun makara. Ihun da ya tashi ya fi na farko. "Allah ya isa!" "La'ananne!" "Ku rufe masa baki!" Yakubu ya tsaya baki buɗe, kamar an mare shi. Sambo ya ajiye gwangwanin a hannun Jibrin, ya ce, "Riƙe da kyau, ranka ya daɗe, kada ka manta shi," ya fice ta ƙofar gefe ɓawon lemo na bin bayansa. Kafin wani ya yi tunanin biyo shi, babur ya tashi.

An sa gwangwanin. Waɗanda suka zauna sun ce ba su taɓa ganin kallo mai sanyi irin wannan ba. Da mai tabarau ya cire tabarau ba wanda ya yi tafi. Da tsohon ya mutu wani ya ce, "To, mun ji," aka yi 'yar dariyar takaici. An fito ana cewa bai kai na da ba, ko da yake waɗanda suka gan shi a cikin gari sun rantse sun yi kuka har da majina. Kafin shekara ta ƙare aka ba da hayar Zumunci, ta zama ma'ajiyar taki. Jibrin ya koma sayar da kaset, kuma in ya hango Sambo yakan tsallaka titi.

Sunan Ina-Ƙarshe ya mutu a ranar. Ba wanda ya yi shelar a daina, bakin mutane ne kawai ya yi nauyi. Kulu ta yi aure a matsayin 'yar Malam Sambo mai acaba.

Husaina ta taɓa tambayarsa ko yanzu zuciyarsa ta huce.

"Ta Jibrin ta huce," ya ce. "Ta Yakubu da saura."

Yakubu bai taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ya dai daina sayen nama a wurinsa. Amma kusan kullum, in ya ɗauko fasinja ta bakin kasuwar Kawo, sai ya rage gudu daidai rumfar mahauta, ya danna oda, ya ɗaga murya:

"Sarkin fawa! Mai tabarau ɗansa ne!"

Yakubu ya ɗaga wuƙa yana zagi, mahauta na dariya, Sambo ya murɗa babur ya wuce.